Kiwon Kaji A Tsakar Gida: Yadda Ake Zaɓen Irin Da Ya Dace Da Gida Mai Ƙananan Yara

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, ƙwai ya shiga sahun abincin da iyalai da yawa a Arewacin Najeriya suka rage saye. Masara da waken soya, waɗanda da su ake haɗa mafi yawan abincin kajin gidan gona, sun yi tsada, gidajen gona da dama sun rufe, kuɗin kiret ɗin ƙwai kuma ya ninka. Wannan ne ya sa magidanta da yawa, har da matasan da ba su daɗe da yin aure ba a birane, suka koma ga abin da iyaye da kakanni suka saba, wato akurki a bayan ɗaki da 'yan kaji a tsakar gida.

Sai dai kasuwar kaji ta yau ta sha bamban da ta zamanin iyaye. A da, wanda ya je kasuwar ƙauye kazar Hausa zai tarar, abin da zai duba kawai shi ne lafiyarta da girmanta. Yanzu akwai kajin Hausa, da waɗanda ake kira maja, da masu ƙwai na gidan gona, da buroila, da kajin ƙawa masu tsada, kowanne da irin cinsa da juriyarsa da halinsa. Kuskuren zaɓe yana jawo asarar jari. A gidan da ke da jariri mai rarrafe kuwa, yana iya taɓa lafiyar yaron da don shi aka fara kiwon.

Alaƙar kaza da lafiyar yaro

Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan laulayi. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, daga nan a fara haɗa masa da wasu abinci, ciki har da nama ko kifi ko ƙwai a kowace rana. A cikin waɗannan, ƙwai ne ya fi sauƙin samarwa a gida. Guda ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 6 na furotin, baya ga sinadaran da ke taimakon ƙwaƙwalwa da ido.

Wani gwaji da aka yi a ƙasar Ekwado a 2015 ya gano cewa bai wa jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum na tsawon wata shida ya rage tsumburewa da kashi 47 cikin ɗari. Da aka maimaita gwajin a Malawi ba a ga irin wannan bambanci a tsawon yaran ba, kuma masu binciken sun lura cewa yaran yankin dama suna samun kifi. Darasin da ke ciki shi ne, ƙwai ya fi yin tasiri a inda yaro ba ya samun wani abincin da ya fito daga dabba, kuma haka lamarin yake a gidaje masu yawa na karkarar Arewa. Camfin da ke cewa yaron da aka saba wa cin ƙwai zai tashi da sata ba shi da tushe, amma har yanzu yana hana ƙwai isa bakin yara a wasu gidajen da ake kiwon kaji.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. Kashin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter, waɗanda ke haddasa gudawa, ko da kuwa kazar lafiyarta ƙalau. Wani nazari da aka wallafa a 2016 game da karkarar Habasha ya nuna cewa mallakar kaji tana tafiya tare da ingantuwar girman yara, amma kwanan kaji a ɗaki ɗaya da mutane yana tafiya da akasin haka. Saboda haka zaɓen iri da tsarin wurin kiwo abu ɗaya ne, ba a yanke shawara kan ɗaya a bar ɗaya.

Abubuwan da ake dubawa kafin a je kasuwa

Na farko shi ne manufa. Gidan da ke son ƙwai kullum domin yara buƙatarsa daban da ta gidan da ke son naman Sallah, ko wanda ke son kaji masu hayayyafa da za a riƙa sayarwa idan lalura ta taso. Babu kazar da ta haɗa waɗannan duka a matakin ƙoli.

Na biyu shi ne fili. Kazar da ke yawo a ƙauye tana samun ƙwari da ciyawa da tsabar da ta zube a masussuka. Wadda ke gidan haya a Kano ko Kaduna, inda tsakar gida siminti ne, duk abin da za ta ci sai an saya.

Na uku shi ne aljihu, kuma kuɗin sayen kazar ne mafi ƙanƙanta a lissafin. A kiwon da ake killace kaji, abinci yana cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa.

Na huɗu shi ne mai kula. A mafi yawan gidajen Hausawa kaji dukiyar mata ce, su ke ba su dusa, su ke rufe akurki da magariba. Idan uwar gida tana goyo ko tana zuwa aiki, irin da ke buƙatar a leƙa shi sau da yawa a yini zai zame mata nauyi. Ya kamata ita ce za ta kasance mai magana ta ƙarshe a kan abin da za a sayo.

Kajin Hausa

Kazar gida ita ce mafi juriya ga zafi da yunwa, kuma ta iya neman abincinta. Ba ta da girma, domin macen takan tsaya a wajen kilo ɗaya, zakaran kuma kilo ɗaya da rabi ko sama kaɗan. Tana yin ƙwai kimanin 30 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, kowane zubi 10 zuwa 15, sannan ta kwanta a kansu kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Wannan kwanci shi ne babbar darajarta. Da kaza biyu da zakara ɗaya gida yana iya tara garke ba tare da ya sake sayen ɗan tsako ba. Ita ce kuma ake sa wa ƙwan zabi, wanda ke ɗaukar kwana 26 zuwa 28, saboda ta fi zabuwa iya reno.

A cikin kajin gida akwai nau'o'i da Hausawa suka daɗe da ba su suna: fingi mai murɗaɗɗen gashi, durgu mai gajerun ƙafafu, da wake-wake mai ɗige-ɗige. Akwai kuma wadda ba ta da gashi a wuya, wadda wasu ke ƙyama suna zaton ciwo ne, alhali halitta ce da ke taimaka mata fitar da zafin jiki. Ita da fingi sun fi sauran jure bazara. Kazar Fulani, wadda ake samu a rugage, ta ɗan fi kazar Hausa girma, kuma masana sun lissafa ta a matsayin nau'i mai zaman kansa.

Raunin kazar gida ga mai neman ƙwan yara a bayyane yake. Shekara tana da kwana 365, don haka kafin yaro ɗaya ya samu ƙwai kullum sai an ajiye kaji bakwai ko takwas masu yin 50 kowacce, kuma a hana su kwanci. Ban da haka tana da tsoro, ba ta yarda a kama ta, tana tsallake katanga, kuma uwar 'yan tsaki takan kai wa yaro sara idan ya matso kusa da 'ya'yanta.

Maja: kajin ƙwai da nama

Waɗannan su ne kajin da aka samar ta hanyar haɗa iri domin su yi saurin girma da yawan ƙwai fiye da kazar gida, tare da riƙe wani abu na juriyarta. Wadda ta fi yaɗuwa a kasuwannin Arewa ita ce Noiler, ta kamfanin Amo Farm Sieberer Hatchery da ke garin Awe a Jihar Oyo. Akwai FUNAAB Alpha, wadda Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta jagoranci samar da ita a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta bayan aikin sama da shekara 20, aka kuma yi mata rajista a 2018. Daga waje akwai Kuroiler ta kamfanin Keggfarms na Indiya, da Sasso mai asali daga Faransa.

An gwada waɗannan huɗun tare da ShikaBrown da kazar Fulani a gidajen ƙananan manoma na jihohin Kebbi da Nasarawa da Kwara da Imo da Ribas, a ƙarƙashin wani shirin inganta irin kaji na Afirka da cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, ta jagoranta daga 2015 a Najeriya da Habasha da Tanzaniya. Wannan shiri yana cikin abubuwan da suka sa aka san su a karkara.

Zakaran maja yakan kai kilo biyu ko fiye cikin wata uku zuwa huɗu idan yana samun abinci. Macen tana fara ƙwai a wajen wata biyar zuwa shida, kuma tana iya yin 150 zuwa 200 a shekara a hannun mai kula. A lissafin 150, kaji uku sun isa su ba yaro ɗaya ƙwai kullum har da ragi. Suna da nauyin jiki da sanyin hali, ba su cika tashi sama ba, suna kuma cin dusa da ragowar tuwo da ganye. Waɗannan siffofi ne suka sa suka fi dacewa da gida mai yara da ɗan fili.

Akwai abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sani. Na ɗaya, ba kasafai suke kwanci ba, don haka wanda ke son ƙyanƙyasa sai ya sa ƙwansu a ƙarƙashin kazar Hausa. Kuma 'ya'yan da aka samu a gida daga irin su Noiler ba lallai su kai iyayensu ba, domin kamfani ne ke riƙe da tushen irin. Na biyu, adadin ƙwan da ake faɗa yana tabbata ne idan ana ƙara musu haɗaɗɗen abinci. Majar da aka sake ta ta yi kiwo kamar kazar Hausa za ta rame, kuma nauyinta yana sa ta kasa tsere wa kare ko muzuru.

Masu ƙwai na gidan gona

ISA Brown da makamantanta, jajayen kajin da ke cika gidajen gona, an ƙirƙire su ne domin ƙwai kawai. Suna farawa a mako 18 zuwa 20, suna kuma yin kusan 300 a shekarar farko. A wannan rukuni Arewa tana da nata iri, wato ShikaBrown, wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar domin ta dace da yanayin ƙasar nan.

Ga gidan birni da ba shi da fili kuma burinsa ƙwai ne, waɗannan sun fi kowanne. Ba su da faɗa da mutane, ba sa buƙatar zakara, kuma kaji biyar suna iya ba da ƙwai huɗu a yawancin ranaku. Sharaɗinsu shi ne abinci da ruwa ba yankewa. Idan buhu ya ƙare aka yi kwana biyu ana ba su dusa zalla, ƙwan zai ragu, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo. Ba sa kwanci ko kaɗan. Bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi suna aiki ƙwansu yakan ja baya, sai a yanka ko a sayar a sake sabbi.

Masu ƙaramin ƙarfi sukan sayi tsofaffin kajin da gidajen gona suka sallama saboda araha. Suna iya ci gaba da ɗan ƙwai na wasu watanni, amma ana sayen su ne a ƙarshen ƙarfinsu, kuma suna iya shigo da cuta daga inda suka fito.

Buroila

Farar kazar nama irin su Cobb da Ross da Arbor Acres tana kai kilo biyu ko fiye cikin mako shida zuwa takwas. Sana'a ce ta ɗan lokaci, wadda ake lissafa ta da Sallah ko Kirsimeti. A matsayin kazar zaman gida kuwa ita ce mafi rashin dacewa da yara. Tana ci da yawa, tana kashi da yawa, shimfiɗarta tana saurin jiƙewa ta yi wari ta tara ƙuda. Ita ce kuma ta fi saurin mutuwa a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40. Idan aka bar ta ta wuce lokacin yanka, ƙafafunta sukan gaza ɗaukar jikinta. Wanda zai yi kiwonta ya ware mata wuri nesa da inda yara ke wasa, ya kuma sa ranar da zai kammala.

Kajin ƙawa

Brahma mai gashi har ƙafa, da Silkie mai laushin gashi kamar auduga, da Orpington ta Ingila, sun samu karɓuwa a wajen matasa masu sha'awar tsuntsaye. A ƙasashen Turai da Amurka ana yaba su da sanyin hali, shi ya sa ake yawan ambaton su idan ana maganar yara. Gaskiya ne suna da haƙuri, Silkie kuma gwanar kwanci ce. Amma Brahma da Orpington kajin ƙasar sanyi ne, yawan gashinsu yana wahalar da su a bazara, kuɗin guda ɗaya zai sayi maja da yawa, ƙwansu kuma bai kai na masu ƙwai ba. Sun dace da mai sha'awa da ke da inuwa da hali. Gidan da ke lissafin abincin yara ya fara da wasu.

Batun zakara

Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Amfaninsa shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa, kuma guda ɗaya ya isa kaji takwas zuwa goma. Haɗarinsa ga ƙaramin yaro shi ne tsayinsu kusan ɗaya, don haka saran baki ko bugun ƙaimi yana iya samun fuska ko ido. Faɗa hali ne na ɗaiɗaikun zakaru a kowane iri, kuma yakan bayyana bayan sun balaga. Zakaran da ya taɓa bin yaro da gudu, tukunya ce maganinsa. A gidan haya kuma caran asuba yana iya haɗa mutum da maƙwabta. Gidan da ƙwai kawai yake so ba ya buƙatar zakara.

A wane girma za a saya

Ɗan tsako mai kwana ɗaya ya fi araha, amma shi ne mafi wahala. A makon farko yana buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa da kimanin digiri uku kowane mako. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, da gawayi ko fitilar kananzir ake yin wannan, kuma kaskon wuta a gidan da yara ke yawo haɗari ne na ƙuna da gobara, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kuma yana kisa. 'Yan tsaki ne kuma suka fi jan hankalin yara su ɗauka su kai baki. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada 'yan ƙasa da shekara biyar su riƙa taɓa su.

Mafi sauƙi ga sabon mai kiwo shi ne ya sayi maja 'yan mako huɗu zuwa biyar daga masu renon 'yan tsaki, waɗanda suka wuce lokacin ɗumi kuma aka yi musu rigakafin farko. Ga masu ƙwai kuwa, sagarar da ta kusa fara ƙwai, mai mako 16 zuwa 18, ta fi tsada amma ta fi tabbas. A tambayi mai sayarwa rigakafin da aka yi da ranakunsa. A duba ido ya zama garau, hanci ba majina, ƙarƙashin wutsiya ba kashi a manne, zanko ja ba ƙuraje. Duk kazar da aka sayo a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida, musamman wadda ta fito daga kasuwar kaji, inda tsuntsaye daga garuruwa daban-daban ke cakuɗuwa.

Lissafin abinci

Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji biyar za su ci kimanin giram 600, wato buhu mai kilo 25 zai kai su kwana 41 ko kusa da haka. Idan suna ba da huɗu kullum, buhun zai samar da ƙwai kimanin 160, wato kiret biyar da ɗoriya. Magidanci zai iya kwatanta kuɗin buhu ɗaya da kuɗin kiret biyar a unguwarsu, ya cire kuɗin magani da na sayen kajin, ya ga ko kiwon zai fitar da shi. Maja ta fi wannan ci saboda girmanta, sai dai wani kaso tana samu daga dusa da ragowar abinci da kiwo. Mai ƙwai kowace iri ce tana buƙatar garin ƙashi ko makamancinsa domin ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Hatsin da ya yi fumfuna ba a ba kaza, domin gubarsa tana cutar da ita.

Cututtuka da rigakafi

Annobar da ke share kajin ƙauye, galibi da hunturu, ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Alamominta sun haɗa da kasala, koren zawo, wahalar numfashi da murɗewar wuya. Ba ta da magani, kuma ba ta barin kazar Hausa don juriyarta. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 da ke jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Maja da masu ƙwai suna kuma buƙatar rigakafin Gumboro a makonnin farko da na ƙurajen kaji daga baya. Tun da kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, maƙwabta sukan haɗa kuɗi a yi wa na unguwa a rana guda.

Murar tsuntsaye ta fi wannan haɗari domin tana iya kama mutum. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A Janairun 2007 ta yi sanadin rasuwar wata matashiya a Legas, ta kuma sake ɓulla a Kano da Legas a farkon 2015. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a hana yara kusantar su, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, a binne mushen da zurfi. Al'adar gaggauta yanka kazar da ta kwanta ciwo don kada a yi asara ita ce hanya mafi kusa da cutar ke bi ta shiga jikin mai fiɗa da mai girki.

Haka kuma zuba wa kaji kafson mutane a ruwan sha ba tare da shawarar likita ba yana barin ragowar magani a ƙwai da nama, yana kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kowane maganin kaji yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwan, kuma a rubuce yake a jikinsa.

Tsarin wuri a gida mai yara

Akurki ya kasance a waje, nesa da madafa da randar ruwa da inda ake shimfiɗa wa jariri tabarma. Kaji uku zuwa huɗu ake sa wa a kowace murabba'in mita. A yi shi a inuwa, da raga a gefuna domin iska, da ƙofa mai sakata da yaro ba zai iya buɗewa ba, a kuma toshe ramukan da gafiya ko maciji za su bi. Ɓuntun shinkafa ko dusar katako suna yin shimfiɗa mai kyau idan ana canzawa kafin su jiƙe. Kaskon toka da yashi yana taimaka wa kaji su yi birgima su rabu da ƙuma. Da bazara a riƙa sauya ruwa da rana tsaka, a ba da abinci da sassafe da yamma.

Inda kaji ke yawo, a share tsakar gida safe da yamma, a kuma keɓe wa mai rarrafe wurin da ba sa shiga. Duk wanda ya taɓa kaza ko ƙwai ya wanke hannu da sabulu. Ƙwan da za a ba yaro a dafa shi har gwaiduwar ta daskare. Yaran da suka haura shekara biyar suna iya ɗebo ƙwai da zuba tsaba a gaban babba, kuma tsohuwar al'adar mallaka wa yaro kaza, ta hayayyafa a sayar a saya masa akuya, makaranta ce ta tattali. A dai sanar da shi tun farko cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Wane gida, wace kaza

Gidan birni marar fili, mai iya sayen buhun abinci a kan kari, ya ɗauki masu ƙwai huɗu zuwa shida, ba zakara. Gida mai ɗan fili a bayan gari ya ɗauki maja biyar zuwa goma 'yan mako biyar, a yanka zakarun idan sun girma a bar matan. Gidan karkara mai hatsi da sarari ya riƙe kajin Hausa domin hayayyafa, ya ƙara maja biyu ko uku domin ƙwan yara. Wanda kuɗin shigarsa ba shi da tabbas ya tsaya a kan kazar gida da rigakafi, domin ita ce ba ta durƙushewa idan buhu ya ƙare. A kowane hali a fara da kaɗan. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma kaji biyar masu ƙoshi sun fi ashirin masu yunwa amfani ga yaro.

Abin da ya rage wa hukumomi

Mafi yawan kajin Najeriya a gidaje suke, a hannun mata, amma tallafi da bashin noma sun fi karkata ga manyan gidajen gona. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, jihohi da dama kuma sun sha raba kaji ga mata da sunan tallafi. Kazar da aka raba ba tare da rigakafi da abincin makonnin farko da malamin gona mai bibiya ba, da wuya ta ga ƙarshen hunturu. Saboda haka akwai tambayoyin da 'yan ƙasa za su iya yi wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar gona ta jiha: likitocin dabbobi nawa ke aiki a yankin, nawa aka ware wa rigakafin Newcastle a kasafin bana kuma nawa aka saki, sannan a ina talaka zai samu ShikaBrown da FUNAAB Alpha, waɗanda cibiyoyin gwamnati suka samar da kuɗin jama'a. Amsoshin waɗannan tambayoyi suna da tasiri a kan yawan ƙwan da zai isa kwanon yara a gidajen da ba su da ƙarfin sayen kiret.